Shekarar Da Na Mayar Da Littafin Obataim

Bashar, kai ne ka sa na ɗauki alƙalami a kan wannan babi, don haka da kai zan fara. Ranar da ka zo gida Tambuwal bayan na ajiye aiki, ka zauna bakin gadona da takarda ka ce in sa hannu, wai za ka nemo mini haƙƙina na kuɗin ƙarin lokaci da aka danne shekara da shekaru, na ce maka ka ajiye sai na yi tunani. Ba tunani nake yi ba, kunya ce ta hana ni magana. Kai da Nana da Murtala kun tashi kuna jin cewa an cuci uwarku: kowace ma'aikaciyar lafiya tana karɓar abin da muke kira obataim, ita ko tana aiki har magariba a banza. Wani lokaci ku ce ofis ne ya cinye, wani lokaci ku ce marigayi babanku ne bai iya bin haƙƙi ba. Babu wanda ya ci mini ko kwabo, kuma ku sauke wa babanku wannan laifi. Ni na mayar da littafin da hannuna, ga kuma yadda aka yi.

A shekarar da nake magana an tura ni wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye gaba da Fakku, a ƙasar Kebbe. Ɗaki biyu ne da baranda, daga ni sai mai shara. Babanku Malam Attahiru yana koyarwa a Tambuwal, kai Bashar kana wurinsa saboda makaranta, Nana tana bayana, Murtala kuwa ba a ma san za a yi shi ba. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci babanku yakan hau babur ɗin haya, wato kabu-kabu, ya iso mana ƙugunsa kamar ba nasa ba, ya koma ran Lahadi. Tun lokacin ba shi da buri sai na babur nasa na kansa. Yakan tsaya bakin hanya ya bi na mutane da kallo har sai na ce masa, Malam, ka rage, za a ce maye ne.

Maigari ya sauke ni a gidan wata tsohuwa, Inna Tumba, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, sana'arta kitso. Mace ce gajera mai kaifin baki, ba ta taɓa shiga aji ba, amma rabin abin da na sani na wannan aiki a tsakar gidanta na koya.

Ƙarfe biyu muke tashi daga asibiti. Da safe za ka ga masu zazzaɓi, da tsofaffi masu ciwon gwiwa, da matan da suka haifi huɗu ko biyar, waɗanda kunyar ciki ta daɗe da sakinsu. Amma mai cikin fari ba za ka taɓa ganinta a layin awo ba. Ku da kuka tashi a gari ba ku san nauyin wannan ba. A can, mai cikin fari ba ta faɗa, ba ta nunawa, uwar mijinta ko ta gane sai ta yi kamar ba ta gani ba, kowa ya kama bakinsa har ranar da za a zo a ɗauke ta goyon ciki, wato ta koma gidan iyayenta ta haihu a can. A ce an gan ta zaune a barandar asibiti tana jiran awo, ai ta zama marar kunya mai ɗokin ɗa, har jikokinta sai sun ji labari. Ga shi kuma cikin fari shi ne ya fi bukatar a sa masa ido.

Inna Tumba ce ta samo hanya, ba ni ba. Bayan la'asar amarya za ta ce wa uwar mijinta za ta kitso, ta ɗauko matsefinta ta zo ta zauna gaban Inna a ƙarƙashin rumfa. In an tsefe rabin kai sai Inna ta ture ta da gwiwa.

"Tashi ki sha ruwa ɗakin Malama, randatta ta fi tau sanyi."

In ta shigo sai in saki labule, in auna jininta, in taɓa cikin, in duba ido da ƙafa, in ba ta ƙwayoyin ƙarin jini ta ƙulle a bakin zane, ta koma a ƙarasa kitso. Na sha ganin Inna ta tsefe kitson da ita da kanta ta yi kwana huɗu da suka wuce, lafiyayye, tana ta mita wai bai zauna ba. Har lokacin ban taɓa rubuta sunan kowa ba, duk a kaina suke. Kuma gaskiya ban ɗauki abin a matsayin aiki ba sai da aka zo aka ce mini aiki ne.

Cikin masu zuwa akwai Hassi, matar wani manomi mai suna Buhari. Siririya ce, in tana magana sai ka sunkuyo za ka ji. Sau biyu tana zuwa kitso ba ta tashi shan ruwa ba, a na uku Inna ta jawo ta da hannu har bakin ƙofata. Cikinta yana neman wata huɗu. Jininta ya ɗan ɗaga, ba na tashin hankali ba, amma irin wanda ba a sakaci da shi. Na ce ta riƙa zuwa duk sati biyu ba fashi. Sai ta murza bakin mayafi ta tambaye ni.

"Malama, ba wanda za shi ji?"

"Daga ni sai ke sai Allah," na ce.

"Inna fa?"

"Inna kitso taka yi."

Ta yi dariya ta rufe baki. Wannan alkawari ni na ɗauka, ba wanda ya tilasta ni.

Ana cikin haka aka kira mu taro a gari. Shugabanmu Malam Sahabi, mutumin kirki ne mai son ƙa'ida, ya ce daga yanzu duk wanda ya yi aiki bayan lokacin tashi za a biya shi. Ya raba mana littafi mai shuɗin bango. A ciki za ka rubuta sunan marar lafiya, da gidan da ya fito, da lokacin da ya zo, da abin da ya kawo shi, in wata ya ƙare Maigari ya buga hatimi, shaidar cewa mutanen nan na garinsa ne. Dokar ba ta mugunta ba ce, an yi ta ne saboda masu cika awoyin ƙarya. Na dawo ƙauye ina murmushi ni kaɗai. Ni da kullum sai an kira magariba nake wanke hannu, wa zai fi ni cika wannan littafi? Ran Juma'a na nuna wa babanku, ya juya shi gaba da baya kamar yana taya akuya.

"Kulu, ashe dai Allah bai mance da mu ba. Wata shida, in an haɗa da ɗan abin da nika ajewa, sai babur."

"Malam, ba a ko fara biya ba ka riga ka hau."

"Na hau, har na sha kwana."

Na soma rubutu, da kyakkyawan hannu kuwa, ina jin daɗin yadda shafi ke cika. Na rubuta tsohon da kunama ta harba, na rubuta yaran zazzaɓi, na kuma rubuta matan kitso ɗaya bayan ɗaya. Hassi, matar Buhari, bayan la'asar, awon ciki, wata huɗu. A tunanina littafin ofis ne, ofis zai tafi, waɗanda za su karanta ba su san Hassi ba, ba su damu da ita ba. Maigari kuma ba ya karanta boko. Abin da na manta, ko in faɗi gaskiya, abin da na sani amma ban tsaya na auna ba, shi ne mai karanta wa Maigari takardu, Ɗan'ige, ƙanin Buhari ne uwa ɗaya uba ɗaya, gida ɗaya suke.

Ɗan'ige ba mugu ba ne, kada ku riƙe shi a zuci. Magidanci ne mai fara'a, ba ya ganin abin dariya ya ƙyale. Kun kuma san ƙanin miji abokin wasan matar wansa ne, abin da zai faɗa mata a yi dariya, wani in ya faɗa sai an yi shari'a. Ya karanta wa Maigari, aka buga hatimi, ya koma gida ya tarar da mata suna daka, uwarsu shi da Buhari tana zaune, ga maƙwabta. Sai ya tsaya a kan Hassi.

"Matarmu, ashe kitson asibiti kika zuwa? An ce wata fuɗu. Ai sai ki gaya man in fara kiwon ragon suna."

Mata suka kwashe da dariya. Hassi ta saki taɓarya ta shige ɗaki, kwana uku ba ta taka tsakar gida ba. Duk wannan ban sani ba a lokacin. Abin da na gani kawai shi ne rumfar Inna ta yi shiru. Satin farko na ce aikin gona ne, damina ta kankama. A sati na biyu ina wanke kayan Nana sai Inna ta jawo kujerarta ta zauna kusa da ni, abin da ba ta saba ba.

"Malama, mi kinka rubuta cikin littafin ga naki?"

"Aikin da nika yi, Inna."

"Aikinki, ko asirin ɗiyan mutane? Ni ina nan ina tsefe kai mai kyau don in rufa musu asiri, ke kin kai ma Maigari shi buga hatimi bisa."

Ta kwashe labarin Ɗan'ige ta gaya mini, ba ta rage komai ba. Ta ce ba Hassi kaɗai ba, duk wadda sunanta ke ciki ta san yanzu akwai wanda ya karanta.

"Yau ko mai son kitson gaske tsoron gidan ga taka yi, kar a ce ciki gare ta."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ko kafin ta ko bayanta. Washegari na je gidansu Hassi, uwar mijinta ta tarbe ni da mutunci, ta ba ni ruwa, ta ce Hassi tana barci. Wai barci da hantsi, da damina. Na sake komawa, aka ce ta je ɗebo ruwa, ga takalminta a bakin ƙofa. Na aika mata da ƙwayoyi ta hannun Inna, aka dawo mini da su a ƙullinsu.

Na je gari na sami Malam Sahabi, na roƙe shi ya bar ni in riƙa rubuta aikin ba tare da suna ba. Ya saurare ni har na gama.

"Malama Kulu, in na bar ki ba suna, gobe wani shi kawo man littafi cike da aljannu. Ki sa sunan, ki rubuta ciwon kai."

"Amarya ta zo ma Malama ciwon kai sau biyu cikin wata? Ranka shi daɗe, ƙauye na. Sun iya lissafi."

Ya ce to ba shi da yadda zai yi, kuma gaskiyarsa ne. Babanku shi ma ya kawo tasa dabarar, wai in sa sunayen da babu su. Na ce Ɗan'ige ya san kowa a garin har da awaki, kuma ko bai sani ba, ba zan ci abinci da ƙarya ba.

Yanzu ga wurin da na fi jin nauyin rubutawa. Da a ranar na mayar da littafin, da na ba ku wannan labari tun kuna yara, ina alfahari. Ban mayar ba. Kuɗin farko sun riga sun shigo, kuma sun yi daɗi. Na ce wa kaina zan riƙa rubuta tsofaffi da yara kawai, in bar matan. Amma ai matan ba sa zuwa ballantana in bar su, kuma littafin yana nan a kan akwatina, duk garin an san yana nan. Wata uku na ƙara ina kai wa Maigari yana buga hatimi, ina karɓa. Inna ta daina yi mini zancen, ta koma kaɗin auduga a rumfar da babu kowa.

Da cikin Hassi ya shiga wata bakwai aka zo ɗaukarta goyon ciki. Iyayenta suna wata tunga, ɗan ƙaramin ƙauye, a hayin gulbi. Ina barandar asibiti suka wuce, ita da gwaggonta. Daga nesa na ga fuskarta ta cika, ƙafarta ta kumbura har takalmi ya nutse a ciki. Na san abin da na gani, don shi aka koya mini. Na kira sunanta, ta ja mayafi ta rufe fuska, suka ƙara sauri. Na ce ran Asabar zan bi ta tungar da abin awon jini. Aka yi ruwa, gulbi ya cika, Asabar ta wuce. Ta gaba ma ta wuce, kuma a wannan ba zan ɗora wa gulbi laifi ba, tsoron a sake ce mini tana barci ne ya zaunar da ni.

Ranar wata kasuwa da hantsi aka kawo ta a amalanken shanu, tana jijjiga, ta tauna harshenta, ba ta san inda take ba. Hawan jini ne irin na masu ciki. Na yi mata allurar da nake da ita, muka tare motar da ta kawo hatsi kasuwa, na shiga baya na rungume kanta har babban asibiti a gari. Likitoci sun yi nasu. Hassi ta rayu. Ɗan, namiji ne, bai zo da rai ba. Da na fito na tarar da Buhari tsaye ya juya wa mutane baya, Ɗan'ige kuma yana zaune a ƙasa ya dafe kai. Ya ɗago ya dube ni.

"Malama, wallahi wasa nika yi."

"Na sani," na ce. "Kai kak karanta, ni nar rubuta."

Allah ne mai rayawa, Shi ne mai kashewa, ban taɓa shakkar wannan ba. Amma na san da Hassi ta ci gaba da zuwa kitso, da na ga jinin nan yana hawa tun cikin yana wata biyar, da na tura ta gari da ƙafarta. Wannan sanin yana nan tare da ni har yau, ban kuma nemi ya tafi ba.

Ran Litinin na kai littafin ofis na ajiye a teburin Malam Sahabi. Ya dube shi, ya dube ni.

"Kin san abin da kika bari?"

"Na sani."

"Aikin yamma fa?"

"Aikin shina nan. Rubutun na nib bari."

Ya sa littafin a aljihun tebur. Wanda na fi jin tsoro shi ne babanku, don ya riga ya je ya ga wani babur na hannu a Tambuwal, har ya zauna a kai ya gwada. Ran Juma'a na bari ya ci abinci sannan na gaya masa komai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Kwana biyu yana wasa da Nana, yana amsa mini da to. Ran Lahadi ɗan kabu-kabu yana jira a ƙofar gida, ya rataya jakarsa, sai ya tsaya.

"Kulu, ni dai na so babur ɗin nan."

"Na sani, Malam."

"To. Shi ke nan."

Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Shekara bakwai ya ƙara yana hawan na haya a kan wannan hanya kafin ya mallaki nasa, kuma ciwon bayan da kuka san shi da shi, ina jin a nan ya samo shi. In kuna neman wanda ya biya kuɗin wannan shawara tawa, shi ne, kuma bai taɓa yi mini gori ba. Ku yi masa addu'a.

Kada ku zaci da na mayar da littafi sai mata suka dawo. Inna ta bi gidajen biki da na suna tana faɗa cewa Malama ta daina rubutu, aka ce to, madalla, kowa ta zauna gidanta. A hankali masu kitson gaske suka dawo, su yi kitsonsu su tafi, ba mai jin ƙishirwa. Kusan shekara biyu randata ba ta sami mai sha ba. Na nemi a canja mini wuri, sannan na janye takardar, don na ga kamar gudu ne.

Wata rana da kaka, bayan la'asar, ina zaune bakin ƙofata ina tsintar shinkafa, sai na ji sallama ƙasa-ƙasa. Hassi ce, riƙe da matsefi. Tun ranar asibiti ban ga fuskarta kusa ba, in ta hango ni a hanya takan sauya lungu. Ta gaida Inna, ta gaishe ni ba ta dube ni ba, ta zauna ta zame ɗankwali. Kitson kanta sabo ne, ko kwana uku bai yi ba. Inna ba ta ce bai zauna ba, ta dai sa matsefi ta soma tsefewa. Na kwashi shinkafata na shige ɗaki. Aka tsefe rabin kai. Na kasa kunne in ji Inna ta yi maganar randa, ba ta yi ba, ita ma tsoro take ji. Can sai na ji muryar Hassi.

"Inna, ƙishirwa nika ji."

Ta zo ta tsaya bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Ba ni take kallo ba, kan akwatina take kallo.

"Malama, littafin ga shina nan?"

"Babu shi, Hassi. Na maida."

"An ce kuɗi aka biyan ki bisa nai."

"An bari."

Sannan ta shigo, ta saki labulen da hannunta, ta zauna bakin gado ta miƙo mini dantse. Cikin yana wata uku. Na ɗaura abin awo na matsa. Jininta ya ɗan ɗaga, kamar wancan karon. Amma wannan karon na gani da wuri.

Yarinyar da aka haifa ita ce Luba, wadda ke kawo mana ƙwan zabi duk damina kuna tambayata 'yar wa ce. Bashar, takardarka tana nan ƙarƙashin matashina, ban sa hannu ba. In ka zo ka ɗauki abinka.